Rasuwar Firizar Gunvor Ana Gab da Bikin Tuva

Da zuciya cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, Uwargida Gunvor Haugli da maigidanta Oddvar na sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da duk mai sauran haƙori a wannan kwari rasuwar firizarsu, doguwar nan fara mai murfi da ke ɗakin ƙasa. Rai ya yi halinsa da safiyar Talata, ana saura 'yan kwanaki a yi bikin tabbatar da bangaskiyar jikarsu Tuva a coci.

Marigayiya ta shigo gidan nan tun Oddvar na da gashi a ka. Ba ta taɓa neman hutu ba, ba ta taɓa kai ƙara ba. Maganarta ɗaya ce, zuuuu, sai ɗan ƙyat in ta gyara numfashi. Mai riƙon amana ce: abin da aka ba ta da ɗari, shi take mayarwa da bazara, ko ɓarɓashi bai ragu ba.

Kowa ya san gidan da ya yi biki da ramammen teburin kek, da shi za a yi ta shan kofi har wata shekara. Kowa kuma ya san sanyin ƙashi ya kama yatsun Gunvor, yini ɗaya ba ya isarta cika tebur. To, a nan marigayiya ta yi mata rana. Duk ranar da hannu ya saki, Gunvor kan gasa tire guda na ƙananan kek ɗin nan na cikin takarda, ta bari su huce sarai, ta naɗe kowanne shi kaɗai. Wanda ya fashe ta murmushe shi, ta dunƙula, ta tsoma a cakulan, a jera a faranti su daskare kafin su shiga roba. Kirim ɗin da ake ɗora wa kek kuwa sai ranar biki. Haka suka yi ta tarawa su biyu tun ƙarshen hunturu, ba wanda ya ji kansu.

Ciwon marigayiya ya fara da tari wajen bikin Ista, sannan gumi. Ranar Talata Gunvor ta sauko da tiren ƙarshe, ta ji shiru, ta ji silifas ɗinta cikin ruwa. Ta dafa murfin ta yi kuka, kuka sosai, ba ta kuma jin kunyar a rubuta. Mai gyara ya zo ya kara kunne, ya cire hula. Sabuwa kuma, in ji masu kanti, sai bayan biki za ta iso.

Ta rasu ta bar ƙananan kek marayu cike da robobi, da dunƙulallu masu rigar cakulan, da cinyar naman farautar Oddvar, da wani ƙullin leda da ba wanda ya san mene ne tun auren fari a gidan.

Ta farko a masu gaisuwa ita ce Aslaug, yayar Oddvar, wadda ta daɗe tana hararar teburin nan.

"Gunvor, ki ɗauki wannan ishara ce," in ji ta. "Ke da hannun nan naki! Ki bar mini teburin, in gasa sabo ranar Lahadi. Ni dai kin san ni, harshena ba ya karɓar abin da ya kwana a ƙanƙara."

"Sannu da ƙoƙari, Yaya. Sha kofinki kada ya huce."

Tuva kuwa a waya ta yi nata ta'aziyyar. "Kaka, in ba naki ba, a ajiye burodi kawai. Na ba duk 'yan ajinmu labarin kek ɗinki."

"Tafi can, sarauniyar kwaɗayi! Wa ya ce miki ni na mutu? Firiza ce ta mutu."

Ana godiya ga maƙwabta da suka yi tayin wuri a nasu firizojin. An duba. Kifi ne da naman dawa har wuya, kek kuma jan wari gare shi, jikar Gunvor ba za ta ci mai ƙarnin kifi ranar bikinta ba. Ga marayu sun fara laushi a gefe, wanda ya narke kuwa ba ya komawa. Nan Gunvor ta ɗaga labule ta dubi dutse. Bayan bukkarsu ta can sama akwai dusar ƙanƙarar da rana ba ta kai mata sai tsakiyar bazara.

"Oddvar, fito da mota, ka ɗauko shebur."

"Haba Gunvor, da bayan nan nawa?"

"Bayanka ya hau dutsen nan don nama. Yau zai hau don kek."

Ya hau. Ya yi ta haƙa yana mita, ita tana jera robobi a tsohon akwatin ƙarfe da yatsun da aka ce sun gama aiki. Suka binne, suka danne da dutse saboda dabbobin dawa. Marayu na can lafiya. Ranar Asabar za a sauko da su, su warware a hankali cikin naɗinsu, ranar Lahadi a sa musu kirim.

Tunda marigayiya ta tafi, Gunvor ta ga ya dace a faɗi aikinta mafi girma. A Kirsimetin da ya wuce wata baiwar Allah ta gutsiri kek, ta lumshe ido, ta ce wa jama'a, "Kun ji abin da nake faɗa! Daga murhu zuwa baki." Wancan kek ɗin tun lokacin kaka yake barci a cikin marigayiya. Haka na shekarar da ta gabace ta, haka na auren ɗiyar ita baiwar Allahn. Marigayiya na jin yabon daga ƙasa, ba ta ce komai ba sai zuuuu.

Za a ɗauki gawa ranar Juma'a da hantsi, a tirelar Oddvar, zuwa inda hukuma ke karɓar tsofaffin kayan lantarki. Masu ɗauka su yi hattara da kwanar matakala. Ba a buƙatar furanni, ba a kuma buƙatar shawara. Gurbinta an share, kada wani ya kawo kujerar hutu ya ajiye, mai zuwa ta fi ta girma.

Za a karɓi gaisuwa ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a gaban teburin kek, inda Gunvor za ta tsaya da ƙafafunta. Tuva ce za ta fara ɗauka. Faranti na biyu na Yaya Aslaug ne, ana kuma roƙonta ta lumshe ido kamar yadda ta saba.