Rigar Bayan Tiyata

"Lafiya lau, ya aiki? Wai ba za ka ɗago ka dubi amaryarka ba, ko idon ne ya ƙarasa mutuwa?"

"Me zan duba? Tun kina bakin titi ƙasa ta sanar da ni zuwanki."

Haka wannan jika da kakanta suke gaisawa, kuma ba a taɓa jin ɗayansu ya yi fushi ba. Shi tela ne, shagonsa ɗan tsukuku: keke ɗaya, teburin yanka, benci, sai kwalin ƙyallaye a lungu. Ita kuwa malamar makaranta ce, da 'ya'yanta, ƙiba ta cinye mata gwiwoyi har salla a zaune take yi. Likita ya sa mata ranar tiyatar rage ciki, da sharaɗin ta rabu da burodi, shinkafa, taliya da duk wani abin zaƙi, don hantarta ta ragu a samu hanyar aiki. An taɓa sa ranar a baya, aka duba aka ce ta koma gida. In aka sake wannan karon, bayan layi za ta koma, layin kuwa ba gajere ba ne.

To, banza ba ta kai zomo kasuwa. Shagon tsohon a jikin gidan burodi yake, kuma kwanan nan son kaka ya taso wa malama haiƙan. Kullum sai ta zo gaisuwa, daidai lokacin da ake fito da na yamma.

Ta zauna, benci ya yi ƙara. Tsoho ya ce a yi wa bencin sannu, shi ne marar lafiyar. Ta ce ai tsaransa ne, tare za a jefar da su. Duk wannan tana rungume da jakarta a ƙirji.

"Wannan jakar jariri ne a ciki?"

"Takardun yara ne, zan je in duba."

"Yaran naki da man shanu suke rubutu? Har tiriri takardun suke yi."

"Kai dai hanci kaɗai ya rage mai aiki a jikinka."

"Shi ma dominki Allah Ya bar min. Miƙo nan. Mace ta gari miji take sayo wa."

"Da wane haƙorin za ka ci?"

"Mai shayi ba ya neman haƙori."

Da ta ga asiri ya tonu sai ta koma lallashi. Ta ce duk abin da aka ce ta ci tana ci: dafaffen ƙwai, kifi, ganye, ruwa kuwa ta sha har ta ji tana iyo. Da rana ba matsala, amma da an tashi daga makaranta sai kanta ya ɗau ciwo, har mafarkin shinkafa take yi. A gida miji ya sa mata ido, yara sun zama 'yan rahoto. Nan kaɗai take sa ran a rufa mata asiri, loma ɗaya tak.

"Wancan karon ma da loma ɗaya kika fara," in ji tsoho. "Kwaɗayi mabuɗin wahala."

"Ji wa'azi a bakin mai ɓoye alewa a akwatin zare."

Ya dafa keke ya miƙe, ya zaro wata riga daga bayan labule ya shimfiɗa a teburin yanka. Nan take ta gane yadin. Leshinta ne mai tsada, wanda ta kawo masa ajiya ta ce kada ya taɓa sai ta ba da izini.

"Wannan ta wace 'yar tsanar ce?"

"Taki ce."

"Kaka, leshina ka yanka? Ko hannuna ba zai shiga nan ba."

"Ba ke na auna ba. Wadda za ta fito daga asibiti na auna. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Ta juya rigar tana bin ɗinkin da yatsa. Duk wanda ya san telan nan ya san ba ya ɗinka mata kaya sai ya bar yadi a ciki, saboda gaba. Ta duba gefe, ta duba hamata, ta duba baya.

"Ba ka bar komai a ciki ba."

"Ban bari ba. Tun kina firamare nake farke miki riga ina ƙarawa, na gaji. So nake ki kawo min ko guda ɗaya ki ce in rage, kafin hannun nan ya daina riƙe almakashi."

Ta kalli hannun da ke kan leshin. Tsoron tiyatar nan take ji, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, sai yau ta gane shi ma tsoro yake ji, na kada a fasa. Ƙamshin burodi na ta shigowa ta taga abinsa.

Can ta yi dariya, ta zuge jaka ta fito da burodin, ko gutsura ba ta yi ba.

"Ungo, tsohon banza. An dai ba kura ajiyar nama."

Ya karɓa ya cusa a ƙarƙashin tebur, ya buɗe akwatin zare. Babu alewa ko ɗaya, sai dafaffen ƙwai biyu a ƙulle cikin ƙyalle. Ya ce cefanen miji ne, kada ta raina.

Tana ɓare ƙwan tana kallon rigar.

"To, in na fito ta yi min yawa fa?"

"Ki kawo in rage," in ji shi, ya koma kan kekensa. "Wannan aikin kyauta ne."