Talle na Didawure Ya Daina Tari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata masu cike da baƙin mai, Wahabu ɗan Alidu mahauci, na unguwar Didawure a Sokode, yana sanar da 'yan'uwa, da maƙwabta, da waɗanda suka yi dariya tun farko, rasuwar injinsa Talle. Ya tsaya a Dapango ranar kasuwa, a wannan shekara ta 1937, a gaban jama'a, cikinsa a ƙoshe.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba: ƙaramin injin gas ne, irin na manyan masana'antu, amma an rage shi har ya shiga akwatin sabulu. Silinda ɗaya gare shi, da fistan mai kai da komo a cikinta, da faifan tagulla biyu, ɗaya a kowane gefe, masu juyawa idan ya ga dama. Tururin isansi, wato fetur, yake shaƙa. Ba ya niƙa dawa, ba ya jawo ruwa, ba ya kai kowa ko'ina. Aikinsa juyawa ne, kuma ya riƙe shi da gaskiya.

An haife shi a ɗakin fatu na gidan Alidu. Wahabu ne ya ƙera shi, bayan dawowarsa daga makarantar sana'a ta Dakar. Yana yaro kumandan Faransawa ya nemi ɗa guda daga unguwa don a kai lakwal, makarantar Turawa, Alidu ya duba 'ya'yansa ya ba da wanda bai iya riƙe wuƙa ba. Shekaru suka wuce, Wahabu ya dawo da magagari, da abin huda ƙarfe, da ƙarancin magana. Mutane suka ce Faransanci ya cinye masa Hausa. Ba haka ba ne. Bai ga dalilin faɗin kalma biyu ba inda ɗaya ta isa. Wannan ɗabi'a tana da hannu a abin da ya faru, za a zo wurin.

Marigayin ɗan dangi ne. Silindarsa daga bututun wata mota ta fito, wadda ta kwanta a rafi kan hanyar Pagala. Bujinsa, wato fulogi, da abin da ke ba shi tartsatsi na wani babur ne da Baturensa ya yasar. Haƙoransa na keken ɗinki ne. Hawa, mahaifiyar Wahabu, ta leƙa ɗakin ta ji wannan tarihi, ta ce tun da iyayensa duk sun mutu kafin a haife shi, sunansa Talle. A lokacin ba ta san tasarta ta tagulla, ta ranar aurenta, tana cikin iyayen ba. An narkar da ita an yi faifan. Ta sani daga baya. Unguwa ma ta sani, a lokaci guda.

Fenti ya fi ƙira wahala. Wahabu ya samo ragowar kore da ja a garejin motoci. Ya ƙi shuɗi, don kada a ce ya ɗinka wa inji tutar Faransa. Burushinsa gashin jelar akuya ne, abin da ba a rasa ba a gidan mahauta. Ya goge ƙarfen da yashi mai laushi, ya shafa kore, ya bari ya bushe, ya sake gogewa, ya sake shafawa. Faifan biyu kuwa, ya yi musu ja a ciki, ya bar bakinsu tagulla tana ƙyalli. A jikin silinda ya ja siririn layi ja da gashi ɗaya tak, yana riƙe numfashi. Abokan gabarsa a wannan aiki ƙudaje ne, waɗanda suka daɗe suna ganin gidan nasu ne. Duk shafe sai ya kifa kwando a kai ya rufa da zane. Duk da haka ɗaya ya shiga. Yana nan ƙarƙashin kore ta gefen hagu, fukafukansa a buɗe. Shi ne farkon wanda ya rasu a hidimar Talle.

Halayen marigayin sanannu ne. Ba ya gulma. Ba ya tashi sai an roƙe shi, kamar manya. Sai a murza faifansa har hannu ya gaji, shi yana kallo. Can sai ya ce, tuf. Ya yi shiru kamar mai nazarin maganar da ya yi. Tuf. Tuf-tuf. Idan ransa ya yi daɗi sai ya zarce, tuf-tuf-tuf-tuf, teburin yana rawa, kajin gidan suna haura katanga. Hayaƙinsa ya kori sauro daga ɗaki uku, ba wanda ya gode masa. Malam Tijjani, mai makarantar allo a bayan katangar, ya taɓa aiko masa da saiwar maganin tari.

Mutum ɗaya ne bai taɓa shiga ya gan shi ba: Alidu. Shi ɗakin fatunsa yake so, da ɗan da zai tsaya a mahauta. Wata rana ya kira Wahabu zaure.

"Kai, Bature," ya ce. "Ƙarfe ba ya rayuwa. Ka kai abin nan Dapango gaban Yaya Alassani. In ya rayu, ɗakin naka ne, ka yi ta tarinka. In bai rayu ba, ga wuƙa."

Wuƙar tana kan buzu a gefensa, doguwa, tun zamanin Jamus.

"To," in ji Wahabu.

Alassani shi ne babban gidan, yana can arewa yana sayen shanu, kuma maganarsa ake bi. Wahabu ya naɗe Talle a tsumma, ya sa shi a akwatinsa, ya cika kwalba da man mota, wanda ake ɗiga wa fistan ta wani ɗan kofi a saman silinda don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Suka hau motar goro. Talle ya yi tafiyar a cinyar mai shi, kwalbar ta yi ta a ƙasa. A mashigin kogin Oti na Mango, da ake tura motar kan jirgin fito, wani huhun goro ya zame ya zauna a kanta. Direban, mutumin Moba, ya duba ya ce, "Kwalba naka ya mutu. Yi haƙuri."

Daga nan ciwon ajali ya soma.

A Dapango, Gwaggo Husseina, ƙanwar Alidu da Alassani, ce ta tarbe su. Mace ce da baƙo bai taɓa kwana da yunwa a hannunta ba, ko da jaki ne. Ta buɗe akwatin, ta ga kore da ja suna sheƙi, ta dafe ƙirji.

"Tubarkalla! Ɗana, wannan baƙon naka me yake ci?"

"Mai."

"A ina bakinsa?"

Wahabu ya nuna mata kofin, ya fita neman man mota a bariki.

A Dakar an koya masa kalma huɗu: ɗaya ta abin da inji ke sha, ɗaya ta abin da ake ɗiga masa, ɗaya ta abin da ake cusa wa gindin taya, ɗaya ta abin da Bature ke shafa wa burodi. A Hausa duka mai ne. Da ya ƙara kalma ɗaya a kan wadda ya faɗa, da yau ba a rubuta wannan sanarwa ba.

Bai samu komai a bariki ba. Ya dawo ya tarar da kofin cike, launin zinariya, garau.

"An samu mai, Gwaggo?"

"An samu."

"Mai kyau?"

"Duk Dapango babu irinsa."

Gaskiya ta faɗa. Man shanu ne na Fulanin bayan gari, ta soya shi da albasa, ta tace da kyalle mai tsabta. Wahabu bai sansana ba. Wanda ya girma a ɗakin fatu ba ya dogara da hancinsa.

Aka kafa Talle a kan turmi a kife, gindin wata bishiya a kasuwar shanu. Baffa Alassani ya zauna a gaba. Dillalai suka kewaye, makiyaya suka dogara sanduna. Wahabu ya murza faifan sau ɗaya. Don a rubuta gaskiya: marigayin bai taɓa tashi da murza ɗaya ba sai ranar, bai kuma taɓa gudu da santsi irin na ranar ba. Tuf-tuf-tuf-tuf, babu tari, babu gardama. Ja da tagulla suka haɗe suka zama zobe guda. Wani dillali ya cire hula.

Sai ƙamshi ya tashi.

Karnuka ne suka fara ganewa. Bayansu wani mai tsire ya ɗaga kai ya duba ko wani ya kafa masa kishiyar tukuba. Sai wata Bafillatana mai tallan nono ta kutsa cikin taron ta shaƙa, ta ce da ƙarfi, "Wallahi man nawa ne!" Kofin ya soma tafasa. Hayaƙin ya koma baƙi. Man ya ƙone ya kama fistan kamar ƙanzo a gindin tukunya. Wahabu ya miƙa hannu zai tsayar da shi, bai kai ba.

Kalamansa na ƙarshe, kamar yadda shaidu suka ji: tuf. Tuf. Ƙiiii. Kaf.

Silinda ta tsage daga sama har ƙasa.

Gwaggo Husseina ta yi kuka na gaske. Da ta share hawaye ta ce, "Amma dai ya ci, ko?"

"Ya ci, Gwaggo."

"To alhamdu lillahi. Bai tafi da yunwa ba."

Baffa Alassani bai so ya ɓata wa ƙane ko ɗa ba. Saƙon da ya ba direba ya kai Sokode shi ne: "Na ga hayaƙi, na ji ƙamshi, na ji yunwa. Sauran ban sani ba."

Wahabu ya shiga zauren Didawure da akwatin a hammata. Alidu yana kan buzu, wuƙar a gefensa, Malam Tijjani yana zaune kusa da shi.

"Bature, sannu da hanya. Na ji injinka ya mutu."

"Ya mutu, Baba?"

"Murus. Duk garin nan an sani."

"Malam, ka ji."

"Ya ji me?" in ji Alidu.

Malam Tijjani ya gyara rawani, ya kau da kai don kada a ga bakinsa. "Alidu, kai ka ce ƙarfe ba ya rayuwa. Yanzu kai ka ce ya mutu. Ni a karatuna ban ga yadda ake na biyu ba a yi na farko ba."

"Haba Malam! Ai haka ake faɗa. Tukunya ma in ta fashe cewa ake ta mutu."

"Haka ake faɗa," in ji Wahabu. "Gwaggo ma haka ta ji ana faɗa. Hausar da ta kashe shi, ita za ta yi masa shaida."

Tun dawowarsa daga Dakar ba a ji ya yi magana mai tsawon wannan ba. Alidu ya jawo akwatin. Ya ɗaga tsumman, ya ga Talle karo na farko. Ya bi siririn jan layin da babban yatsa, ya tsaya a kan ƙudan. Ya sunkuya ya sansana.

"Husseina ba ta rage albasa," ya ce.

Sai ya ɗauki wuƙar ya miƙa wa ɗansa, ta wajen ƙota.

"Ƙarfen Jamus ne. Ka ga ko za ta shiga cikin inji na biyun. Kada ka taɓa sauran tasoshin uwarka."

Marigayin ya bar faifan tagulla biyu, tagwaye, lafiyarsu ƙalau, Hawa kuma ta ce nata ne. Ya bar buji ɗaya da ke jinya cikin kananzir. Ya bar wata kusa da ta ragu tun ranar haɗa shi, wadda har yau ba a san gurbinta ba. Fentinsa bai ko ƙwarzane ba. Ya bar karnukan Dapango cikin jimami.

Ba za a yi masa salla ba, Malam Tijjani ya riga ya faɗa, kuma ya ce iyakar taimakonsa ke nan. Ba za a wanke shi ba, ruwa tsatsa yake sa masa. Za a ajiye gawar a kan katakon da ke saman taga, a ɗakin da a da ake kira ɗakin fatu. An kwashe fatun.

Za a karɓi gaisuwa a nan ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Alidu mahauci ya ce zai ba da nama, da sharaɗin kada kowa ya tambaye shi wa ya rasu. Gwaggo Husseina tana hanya, an ce ta taho da ƙwarya a rufe.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su zo da mai. Kowane iri.