Rasuwar Mai Tumbi, Bokitin Gwajin Injin Hoto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wando jiƙe har gwiwa, Kawu Mai Hoto da ma'aikatan ɗakin hoto na ƙaramin asibiti suna sanar da rasuwar Mai Tumbi, shuɗin bokitin roba mai murfi, wanda ya cika a gindin matakala bayan gajeriyar faɗuwa.

Ga wanda bai san marigayi ba, ga aikinsa. A zamanin nan kwamfuta ce ke tsamo lambobi daga hoton ƙari, kaushinsa da laushinsa da abin da ido ba ya gani, likita ya duba ya gane ko magani na ci. To idan injin wannan asibiti ya faɗi lamba, na wancan ya faɗi wata a kan ƙari guda, mara lafiya ne zai sha wuya. Shi ya sa ake neman majinyaci ɗaya da ba ya canzawa, a riƙa cusa shi a kowane inji ana gwadawa. Majinyacin gwaji na kamfani ya ƙi isowa, sai Kawu ya haɗa nasa: ruwa, soso, guntun katako da ƙashin saniya, ya danne da murfi.

Marigayi mai haƙuri ne. Bai taɓa tari a cikin inji ba. Ba a taɓa ce masa ya riƙe numfashi ba, shi da kansa yake riƙewa. Bai taɓa zuwa da dangi su cika baranda ba. Maganarsa ɗaya ce a duniya, ita ma sai an ɗaure shi a bayan babur za a kai shi manyan asibitoci biyu na cikin gari: ƙulum, ƙulum. In an faɗa rami ya ƙara da cakal.

Rashin lafiyarsa ta daɗe ba wanda ya sani. Kullum lambobin asibitocin gari sai su zo ɗaya, na injin Kawu su bi wata hanya. Kwamitin daidaita injuna ya zauna ya ce injin Kawu ne maƙaryaci, a rufe shi, marasa lafiya su riƙa hawa mota zuwa gari, Kawu kuma ya je ya huta. Kawu ya rame. Ya daidaita kaurin yankan hoto, ya daidaita wuta, ya goge injin da hularsa, har lallashinsa ya yi. Lambobi suka ce ba su san zance ba.

Ranar da kwamiti ya zo rufewa, Kawu ya rungumo Mai Tumbi zai kai shi gabansu ya ba da shaida. Takalmi ya zame. Marigayi ya yi kalmarsa ta ƙarshe, fash, sannan kumfa ta gangaro matakala, fara sol, mai ƙamshi, har kan takalman shugaban kwamiti. Kowa ya tsaya kallo, don Kawu bai taɓa zuba sabulu a ciki ba. Ga soso kore, alhali ja ya sa. Ƙashin ma na wata saniyar ne.

Inna Mai Shara ce ta warware zancen, hankalinta kwance. A wurinta matafiyi ba ya kwana da dattin hanya. Duk dawowarsa daga gari takan buɗe shi ta zubar da ruwa, ta sa sabo da ɗan garin sabulu, ta canza soso da ƙashi in sun tsufa, kafin Kawu ya sa shi a inji da safe. Ashe wanda gari ke gwadawa daban, wanda Kawu ke gwadawa daban. Injin gaskiya yake faɗa.

Kwamiti ya janye maganar rufewa. Kawu ya zauna cikin kumfa yana kuka, kafaɗunsa na rawa, har yau ba a tabbatar ko kukan ne ko dariya ba.

Marigayi ya bar murfi ɗaya, da mariƙi, da katako, da igiyar babur da ba ta da wanda za ta ɗaure. Ƙashin kuwa, kare ne ya gaje shi tun kafin a raba gado. Magajinsa na kamfani yana hanya, ɗaure da kusoshi, kuma an riga an ɓoye sukundireba.

Za a yi jana'iza gobe bayan tashi daga aiki, a bayan ɗakin janareta, kafin mai sayen tsohuwar roba ya wuce. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar ɗakin hoto, inda injin ke aiki kamar kullum. Masu zuwa su gama dariyarsu a waje, saboda Kawu. Inna Mai Shara ce za ta yi wa gawa wanka, wannan karon da izinin kwamiti.