Saukowa Wajen Tsoho

"...Lafiya lau, amarya. Kin zo ki kashe mini injin ne, ko kin riga kin kashe?"

"Kai da injin naka duk ƙafa ɗaya a kabari, angona. Matsa in zauna."

Baba bai matsa ba. Kujerar nan ta gaban tebur, ko ni da nake 'yar cikinsa ban taɓa ɗora mazaunaina a kai ba. Dole jikar tasa ta jawo bokitin fenti ta kife ta zauna.

Ina shara ina jin su. Tsohuwar kwamfutar da Baba yake zana katin biki da ita ce ta mutu, Yaya kuma ya rantse in ba ta tashi yau ba, mai sayen tsofaffin ƙarafa zai kwashe ta da yamma, a mayar da shagon sito. Baba kuwa tun safe ya ƙi karyawa, abin ya ba ni tausayi.

Yarinyar ta saka sabuwar manhaja, fuskar injin ta tsaya baƙi ƙirin. Ta yi masa bayani cewa a jikin allon da ke cikin injin akwai wani tsohon shiri da aka dasa tun daga masana'anta, Bayos, shi ya san yadda ake kunna wannan fuskar. Zuciyar sabuwar manhajar ba ta jin yarensa. Dole sai manhajar ta adana duk abin da ke hannunta, ta ajiye saƙonta a ƙasa inda idonsa ke kaiwa, ta sauko irin tafiyarsa, ta kira lambar aikin, ya yi, sannan ta koma sama.

Baba ya ce, "Wato sai ta durƙusa. To ke yaushe rabonki da durƙusa mini?"

"Ranar da ka yi haƙora."

"Haƙorana suna banki, mara kunya. Da su na cinye maza kafin a haifi ubanki."

Ta gwada. Injin ya sandare. Ta sake, ya sake sandarewa. Ga wayarta sai ƙara take yi. Baba kuwa yana da doka tun muna yara: ba ya sauraron kowa sai an kashe rediyo, an rufe ƙofa. Ya miƙa sanda ya ture wayar, ya ce shi ba a yi masa magana ana amsa wa wasu.

Sai na ga yarinyar ta dafe goshi. Ashe ta sauko da manhajar wajen tsoho Bayos, amma ta manta ta tsayar da agogon injin da madannansa, suna ta ƙwanƙwasa wa manhajar ana tsakiyar magana. Ta ƙara layi ɗaya na umarnin tsayar da su, ta danna.

Fuskar ta kawo haske. Ga furannin katin Baba nan reras.

"Halinku ɗaya, rigimammun tsofaffi," in ji ta.

"Shi ya sa ba a kai mu bola."

Ya yi dariya har da tari, ya goge ido da hannun riga yana cewa wai ƙurar sharata ce. Sannan ya dafa sanda ya miƙe, ya tura mata kujerar.

"Hau, amarya. Ni ba ni bokitin. Ke kuma mai shara, kawo mini abin karyawa, ki ce wa yayanki ya nemi sito a wani wuri."