Zazzaɓin Kwamfuta a Hannun Malam Na-Sani

A duk makarantar nan babu wanda Allah ya hore wa ilimin na'ura kamar Shugaban Sashen Fasaha. Sashen dai kwamfuta ɗaya ce, sai shi. Ya taɓa zuwa bita ta kwana huɗu, ya dawo da takardar shaida da sabon tabarau, tun daga ranar nan kuwa, da haɓa yake amsa gaisuwa. A gabansa malamai suna ce masa Farfesa. Idan ya juya baya kuwa, Malam Na-Sani.

Ranar raba sakamakon jarrabawa kwamfutar ta tashi rigima. Ta yi aikin minti goma, ta ɗau zafi, ta mutu. A kunna, ta sake. Ƙarfe biyu iyaye za su zo, ga sakamakon yara ɗari uku a cikinta. Shugabar makaranta ta ce in azahar ta matso ba a gama ba, mai gyara za a kira, makullin ɗakin kuma ya koma hannun malamar lissafi.

Farfesa ya yi murmushin tausayi.

"Ranki ya daɗe, wannan ba aikin 'yan bakin titi ba ne. Furosesa ce, wato ƙwaƙwalwar na'ura, zazzaɓi ya kama ta. A rana ta uku ta bita muka yi wannan darasin."

Ya jiƙa tawul ya shimfiɗa mata a ka. Ya tsayar da malamai biyu suna yi mata fifita da littattafan rajista, shi kuma yana duba agogo yana gyaɗa kai. Marar lafiya ta sake suma.

"Ya shiga jini," in ji shi. "Sai tiyata."

Ya kwance murfin, ya ɗaga ƙarfen da ke zaune a kan furosesa, ya tarar da wani busasshen abu mai launin toka. Ya ce datti ne, ya kankare da farce. Sannan ya zaro kwalbar man zafi daga aljihu, ya lafta mata har da mulkewa.

"Abin da ya sanyaya goshin ɗan Adam, ƙarfe bai isa ya yi masa gardama ba."

Aka kunna. Ƙamshi ya turnuƙe ɗakin, idanu suka kawo ruwa, malamin tarihi ya rabu da murar da ta yi masa mako biyu. Kwamfuta ta yi minti uku, ta sake mutuwa.

Mai gyaran da aka kira wata mata ce marar yawan magana. Ta yi atishawa biyar, ta goge aikin Farfesa tas, ta ɗiga man da aka yi domin furosesa ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake. Sai ta leƙa ciki wajen 'yar fankar da ke sanyaya na'urar, ta tsaya.

"Wa ya ɗaure fankar nan da roba?"

Farfesa ya ji kamar yabo ne ke tafe. Ya matso, ya gyara tabarau.

"Ni ne nan, tun makon jiya. Ƙararta tana hana ni tunani."

Ta tsinke robar. Fanka ta juya, sakamako ya fara fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Shugabar makaranta ta miƙa hannu.

"Kawo makullin, Farfesa. Akwai ɗakin ajiye tsintsiya can baya, ko fanka babu. Je ka yi ta tunani."