Ranar da Na'urar Madam Odil Ta Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da jegon ɗana na fari a Liyon ta ƙasar Faransa, ko da kuwa na so in manta, don Hajiya ba za ta bari ba.

Daga Damagaram aka kawo ni, karatuna bai wuce firamare ba, Faransancina kuwa na sayen burodi ne. Da ciki ya tsufa aka hana innata biza, maigida kuma yana aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, ba kullum yake gida ba. Ganin na rame da tunani, sai ya ɗauko mini dula. Ba likita ba ce, ba ungozoma ba. Mace ce da ake ɗauka ta tsaya wa mai ciki har ta haihu, ta kuma riƙa leƙo ta bayan haihuwa. Tawa sunanta Madam Odil, doguwa mai furfura, kullum da takalmin ƙwallo. Ranar naƙuda ita ta riƙe mini hannu, ta murza mini baya (na cije ta sau ɗaya, ba ta taɓa tada zancen ba). Allah Ya saka mata.

Da muka dawo gida ta kawo mana wasu 'yan na'urori biyu farare, ta sa ɗaya kusa da gadon jariri, ɗaya a salo, wato falo. Ta yi dogon bayani, ina ta “wi, wi”, wato “e, e”. Abin da na fahimta shi ne, idan yaro ya yi kuka za a ji. To, ni na ɗauka kuka kaɗai abin ya iya ɗauka.

Sai ga Hajiya daga Paris, gwaggon maigida, mai shagon atamfa a Barbès. Ta zo da kanwa da gero da yaji, ta karɓi wankan jego da kunu. Ni kuwa na ɗaura ɗamarar nuna mata an yi mini tarbiyya. Ɗan fari ne, ga shi an sa masa sunan surukina, Isuhu. Don haka ba na kallonsa, ba na kiran sunansa. In zan ba shi nono sai in juya fuska bango kamar wadda aka yi wa dole. Hajiya tana ta yaba ni a waya har Maraɗi.

Madam Odil dai ba ta yaba ba. Na lura duk zuwan da za ta yi, idonta na kaina. Ta tambaye ni sunan yaro, na ce “wannan”. Ta ce in rungume shi, na miƙa wa Hajiya. Rannan ta ja maigida gefe ta ce tana tsoron ko baƙin cikin bayan haihuwa ne ya kama ni, gara likita ya duba ni. Ya yi mata bayanin kunyar ɗan fari, ta saurara da ladabi, ta ce duk da haka hankalinta bai kwanta ba.

Nawa hankalin ne ya tashi. Na sha jin mata suna cewa a ƙasar nan in aka ga uwa ba ta son ɗanta, karɓe shi ake yi. Gaskiya ne ko ƙarya, ban tsaya bincike ba. In na rungume shi Hajiya ta ce ba ni da kunya, in na ƙi baturiya ta ce ba ni da lafiya.

Wata Lahadi da rana abokan maigida suka zo barka, Madam Odil ma tana nan, salo ya cika. Na ce zan je in kwanta. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na ɗauki abina, na saki baki. Abin da na tara tun ranar haihuwa duk na juye.

“Isuhuna, Isuhu ɗan gatan uwarsa! Wa ya kai ka kyau? Hancin nan nawa ne, ba na danginsu ba. Ko sojan Faransa aka turo ba mai karɓe ka. Bari in ci ƙafar nan. Amma kada ka gaya wa Hajiya, ka ji? Kununta ma kanwa ta yi yawa.”

Har waƙa na yi masa, da muryar da ko akuya ba za ta tsaya ji ba. Na sumbaci tafin ƙafarsa da ƙara. Sannan na gyara ɗankwali, na ɗaure fuska, na fito da tafiyar mai jego.

Na iso salo. Abokan maigida kowa ya sunkuya yana nazarin kafet. Maigida ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. A tsakiyar tebur, kusa da farantin dabino, ga farar na'ura da jar fitilarta tana ƙyaftawa. Daidai nan Isuhu ya yi atishawa a ɗaki, na ji ta tangaran a salo. Na so ƙasa ta tsage, amma muna hawa na huɗu.

Madam Odil ba ta jin Hausa ko “sannu”, amma idonta ya cika da hawaye. Ta taso ta rungume ni, ta ce wa maigida a manta da zancen likita.

Saura Hajiya. Ta daɗe tana juya cokali a kofi, sannan ta ce, “Ni ban ji komai ba, ɗiyata. Rediyon nasara ne ke surutunsa.” Ta kurɓi shayi. “Sai dai ki gaya wa mai rediyon, gobe zan rage kanwar. Hanci kuwa namu ne.”

Yau Isuhu ya shiga lakwal, wato makaranta, ba wanda ya karɓe shi. Hajiya kuwa duk ta bugo waya sai ta tambayi lafiyar rediyo. Abin da na koya shi ne, kunya ado ce a inda aka san ta. Inda ba a san ta ba, ciwo ake ɗaukarta. Kuma duk abin da bature ya ajiye miki a ɗaki yana ƙyafta ido, kada ki ce masa “wi” sai kin san me yake ji.