Shanyar Kuɓewa a Titiwangsa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi shanya a Titiwangsa ba, ko na so mantawa Hauwa ba za ta bari ba. Hauwa 'yata ce, tana digiri na uku a Kuala Lumpur, ga tsohon ciki, shi ya kawo ni. Cikin nan ya ƙi komai sai miyar busasshiyar kuɓewa, a garin kuwa ɗanya kawai ake sayarwa. Na yanka na baza a barandarmu, hawa na sha bakwai, kwana biyu ta yi funfuna.

Wata safiya ina zagaya tafkin Titiwangsa, wurin shaƙatawar unguwarmu, sai na ga fili an shafe shi da siminti sumul, ga tudu ga gangare, rana ta buɗe, ba kowa. Akwai allo a bakin wurin, amma karatuna na yaƙi da jahilci ne, Hausa zalla. Na ce a raina, mutanen nan sun san darajar shanya. Washegari na baza kuɓewa cikin roba guda a kan gangaren (har shara na yi wa wurin, Allah na gani), na koma inuwa da carbina.

Hantsi na yi sai ga samari da 'yan mata, kowa da katako mai taya a hammata. Na farkonsu bai duba ba, ya hau ya gangaro. Katakon ya yi gabas, shi ya yi yamma, ya zauna daram a tsakiyar kuɓewata. Abin haushin, shi ke ba ni haƙuri, yana ta "Makcik, Makcik," wato inna.

Kunya ta sa na ce bari in gyara ɓarnata. Na ari bokitin mai shara na sheƙa ruwa. Ni da na shekara talatin ina kaɗa miya, wai ni ce na zuba wa kuɓewa ruwa. Yauƙi ya bi gangaren har ƙasa, mutum uku suka zame daga tsaye, mai sharar na huɗu.

Na kira Hauwa a waya. Da ta gane inda nake, dariya ta hana ta magana, can ta ce, "Umma, filin wasan mutane kika kaɗa wa miya?"

Sai da aka jawo mesar ruwa kafin wurin ya wanku. Na koma da roba wayam na dafa ɗanya, yarinyar nan ta ci har da ƙari. Tun ranar, duk simintin da ban ga wata ta riga ni shanya a kansa ba, wucewa nake da kayana a ka.